Amsa: Zabura 91 ta isa ta tsare ni a hanya?

'Yar'uwa kin ce kina tsoron hanyar Kaduna zuwa Abuja saboda masu garkuwa, wai ko karanta Zabura 91 ya isa? Ki karanta mana, Allah ne mafakarmu, amma fa ba laya ba ce da za ki rataya ki shiga mota goman dare.

Ni dai a cocinmu na Sabon Tasha masu yawan addu'ar nan su ne kuma ke yin sammako, haka ma a littafin Nehemiya 4:9, Nehemiya da mutanensa sun roƙi Allah sannan suka sa masu gadi dare da rana. Ki gaya wa zumuntar mata ranar tafiyarki su sa ki a addu'a, wayarki kuma kar caji ya ƙare.