Ku Tambaya Mu Amsa: Kilishina ne a cikin ledar, amma sunan wani ne a jikinta

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mai kilishi ne a Agege, sana'ar da na gada a wajen mahaifina. Akwai wata mata da take zuwa duk mako tana sarin kilishi a wurina. Kwanan nan ɗana ya nuna mini a wayarsa, ashe zuba shi take a leda mai kyau da sunan kamfaninta, ta tallata a Instagram, a kai wa mutanen Lekki da Ikoyi har gida, a kan kuɗin da ya ninka nawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. Yaron ya ƙara da cewa nan gaba waya ce ma za ta riƙa zaɓa wa mutum abin da zai saya. Shin gaskiya ne? In haka ne, ina makomar irinmu da ba mu yi boko ba?
Alhaji mai kilishi, Agege

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa wa sana'a albarka, ya kuma raya yaron nan, don ya hango abin da manya da yawa ba su hango ba.

Zan fara da abin da wataƙila ba zai yi maka daɗi ba: matar nan ba ta cuce ka ba. Ta saya ta biya. Mutumin Lekki ba zai shiga cunkoson Legas ya zo Agege don kilishi ba, bai san ka ba, bai san inda kake shanya naman ba. Ita ta ba shi suna da zai riƙe, da lambar wayar da zai kira in abu ya ɓaci, da ɗan saƙon da zai ƙwanƙwasa masa ƙofa. Ƙarin kuɗin da yake biya na wannan kwanciyar hankalin ne. Abin da ya dame ni shi ne, kai ma kana da amanar, ta fi tata tsufa, sai dai a bakin mutane take, ba a rubuce ba.

Batun waya kuwa, ɗanka ya yi gaskiya, kuma abin ya riga ya fara. Wanda ya buɗe TikTok ba shi yake zaɓar bidiyon da zai gani ba, manhajar ce take lura da abin da idonsa ya tsaya a kai ta ƙaro masa irinsa. Manhajojin kawo abinci su suke jera wa mai saye shaguna, kuma hannu ya fi saurin taɓa na sama. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, mutane sun fara tambayar ƙirƙirarriyar basira kai tsaye: ina zan sami kilishi mai kyau kusa da Ikeja? Ita kuwa abin da aka rubuta a intanet kawai take iya dubawa, wato sunan shago a taswira, da hotuna, da yabo ko kukan waɗanda suka saya. Shaidar da ake yi maka a ƙofar masallaci bayan sallar la'asar ba ta kai mata. Wanda bai bar sawu a can ba, a wurinta babu shi.

Kada ka ɗauka abin zai zo a hankali. Ka tuna farkon 2023, bayan an sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace. Na ga 'yan uwanmu a kasuwar Mile 12 zaune gaban kwandunan tumatir da tattasai, kaya na laushi, mai saye na tsaye da kuɗi a waya, ba hanyar karɓa. Waɗanda suka yarda da tiransifa su suka yi ciniki. Cikin 'yan watanni sai ga mai shayi da mai gyaran takalmi sun rubuta lambar asusun OPay ko Moniepoint a kan kwali sun rataye. Ba boko suka yi ba, Alhaji. Larura ce ta koya musu.

Abin da yake hana ni barci game da mu Hausawan Legas shi ne wannan: shanun da ake yankawa a abbatuwar Oko-Oba, da albasar Aliero, da tumatirin Kadawa, duk ta hannun mutanenmu suke shigowa garin nan. Wahalar hanya tamu, asarar ruɓewa tamu. Amma riba mai kauri tana komawa ga wanda yake tsaye tsakanin kaya da wayar mai saye. Da can dillali ne a wannan matsayi, ka san gidansa, in ya yi ba daidai ba ka kai shi gaban shugaban kasuwa ko Sarkin Hausawa. Dillalin yanzu manhaja ce, tana cire la'adarta kafin kuɗi ya iso gare ka, kuma ranar da ta ga dama ta mayar da sunanka ƙasa ba wanda za ka kai wa ƙara.

To, me za ka yi? Ka sa wa kilishinka suna, ka yi masa rajista a Hukumar CAC mai rajistar kamfanoni. Ka sani rajistar sunan kasuwanci daban, rajistar tambari daban. Ita ta biyun ofishinta yana ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari, kuma ita ce take ba ka hujjar hana wani buga tambarinka a ledarsa. In kana son kayanka su hau kantar manyan shaguna, sai da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, kuma za su zo su duba tsabtar wurin aiki. Ka sayi injin liƙe leda. Ka fi ni sanin yadda damshin Legas yake sa kilishi fumfuna da damina in bai bushe sosai ba, don haka ka rubuta ranar da aka yi shi a jikin kowace leda, kada ka yarda a tura na kwanaki zuwa nesa. Kukan mutum ɗaya a intanet yana daɗewa a wurin, kowa yana karantawa.

Sa shago a taswirar Google kyauta ne, haka ma WhatsApp Business. Talla kuwa ba sai ka nemi ɗan wasa ba. Yaron ya ɗauki hannunka kana fere nama har ya yi siririn da ake hango haske ta cikinsa, ya ɗauki yadda ake tsoma shi a labu, da yadda yake ɗaukar launi a kan wuta. Matar nan ba ta da wannan hoton, don ba ita take yi ba.

Abu ɗaya da nake so ka riƙe da hannu biyu: lambobin wayar masu sayen kayanka su kasance a wurinka, har a littafi na takarda. An rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Ranar 4 ga Oktoban 2021, Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke na kusan awa shida. Jumia ta rufe sashenta na kai abinci a ƙarshen 2023. Duk wanda cinikinsa yake rataye a wuri guda ya ji a jikinsa. Amma lambobin nan amana ne, kada a sayar ko a ba wani. Akwai dokar kare bayanan mutane da aka sa wa hannu a 2023. Asusun banki ya kasance da sunan sana'ar, shi kuma yaron ka yanka masa kasonsa, don aiki yake yi.

Ita kuma matar kada ka kore ta. Mai sari duk mako ba abin wasa ba ce. Ku zauna ku sake farashi, ka nemi ta rubuta a ledarta cewa a wurinka aka yi.

TAMBAYA: Ina sayar da turaren wuta da humra daga gida. Ƙawata tana amfani da ƙirƙirarriyar basira tana haɗa hotunan kayanta su yi kyau fiye da yadda suke, kuma ta fi ni ciniki. In bi sahunta?
Wata 'yar uwa, Idi-Araba

AMSA: Ƙanwata, ki yi amfani da ƙirƙirarriyar basirar wajen rubuta talla, da juya bayanin kayanki zuwa Turanci ko Yarabanci, da lissafin jari da riba. Sai dai ki karanta abin da ta rubuta kafin ki tura, don tana iya ƙirƙiro farashi ko sinadarin da ba ki sa ba. Gyara haske ko share tarkacen bayan hoto ba laifi. Amma ƙaramar kwalba ta koma babba, ko launin humra ya sauya, wannan algus ne. Kin san hadisin da Annabi (SAW) ya sa hannu cikin tarin abinci ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Dokar ƙasa ma ta hana tallan yaudara, kuma mai saye yana iya kai ƙara gaban Hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye.

Ta fuskar ciniki ma ba na ganin hanyar ƙawarki za ta ɗore. Turare kaya ne da ake dawowa a sake saye, kuma wadda ta buɗe saƙo ta ga ba abin da ta gani a hoto ba ne, ba za ta dawo ba. Ki ɗauki bidiyo da rana, kwalbar tana tafin hannunki don a ga girmanta, ki faɗi abin da kika haɗa da kwana nawa ya yi a jiƙe. Tun da ƙamshi ba ya bin waya, ki riƙa sa ɗan ƙaramin samfuri na wani turaren a cikin kowane saƙo da za ki tura.