Mujallar fatsa ta Turawa: abin da za ka ɗauka da abin da za ka bari

Ɗana, ka ce ka ga tsofaffin mujallun kamun kifi a wurin masu shimfiɗa littattafan gwanjo, cike da hotunan manyan kifaye da sanduna masu sheƙi. Kana tambaya ko ka riƙa saye, tunda yanzu hankalinka ya fi karkata ga fatsa a kan birgi, wato ragar jifa, ko kuwa abin da ke cikin waya ya ishe ka. To, ka sayi ɗaya ko biyu, ka zaɓe su da idon mai sana'a, ka tsaya nan. Wanda yake saye duk wata, yawancin kuɗinsa na tafiya ne a kan labarin ruwan da ba zai taɓa jefa ƙugiya a ciki ba.

Kada ka ɗauka raina masu rubutun nake yi. Angling Times ta Ingila tana fitowa tun 1953, Field & Stream ta Amurka kuwa tun 1895, kuma masu rubutu a cikinsu sun san ruwansu kamar yadda Basarke ya san kogin Kwara. Amma fa ruwansu suka sani. Kifin da suke kira tirawut yana son ruwa mai sanyin digiri 10 zuwa 16, mu kuwa a tafkin Kainji ko a tsakiyar hunturu da wuya ruwa ya sauka ƙasa da 20. A kogunan Ingila ana rufe fatsar yawancin kifaye daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni saboda lokacin ƙwai, duk shawarwarinsu na wata-wata a kan wannan lissafi aka gina su. Idan ka bi, kamar ka yi shuka ne da kalandar wata ƙasa.

Namu lissafin na ruwa biyu ne, kuma ba za ka same shi a shafinsu ba. Farin ruwa na daminarmu ne, yana tasowa wajen Agusta ya cika a Satumba, a gurɓace da laka. A lokacin kifi ba ya gani sosai, da hanci da gashin baki yake kiwo, shi ya sa tarwaɗa da ramboshi da kurungu suke faɗa wa ƙoto mai wari, irin hanjin kaza da ya kwana, ko tana, ko guntun sabulun soda, a bakin ciyawar da ruwa ya hau. Baƙin ruwa kuwa damina ce da ta sauka a tsaunukan Gini, ta daɗe tana ratsa fadamun Mali har lakarta ta kwanta, ta iso mana daga wajen Disamba zuwa Fabrairu, garau. Wannan lokacin masu farauta da ido ne, tsage da giwan ruwa. Abu mai walƙiya na jan su, zare mai kauri kuma na korar ƙananan kifaye, don suna ganinsa. Wanda ya riƙe bambancin nan ya fi mai tarin mujallar shekara goma sanin abin da zai ɗaura gobe da asuba.

Abin da ya cancanci kuɗinka a cikinta shi ne zane, musamman na ƙulli. Zaren roba ɗaya ne a ko'ina, kuma yawancin kifin da ke tsere wa ɗan koyo a wurin ƙulli yake tsinkewa. Ka nemi wanda suke kira Faloma, na ƙugiya mai ido. Ka ninka zare kamar santimita 15, ka zura ninkin ta idon, ka yi ƙulli guda sako-sako da shi, ka zura ƙugiyar gaba ɗaya ta cikin madaukin da ya rage, ka jiƙa da yawu, sannan ka ja a hankali har ya zauna. Abu biyu ke ɓata shi. Idan zarurrukan biyu suka hau juna a cikin idon, ɗaya zai yanka ɗaya ranar da babban kifi ya ja. Idan kuma ka ja shi a bushe, gogayya na ɗumama robar ta yi rauni, za ka ga wurin ya nannaɗe kamar gashin da wuta ta lasa. In ka ga haka, yanke, sake.

Ƙugiyar kwali da muke saye a kasuwar Yauri, da yawa ba su da ido, kansu a baje yake kamar bakin cebur. Ita naɗi ake yi mata: ka kwantar da madauki a jikin sandarta, ka naɗe sau 7 ko 8, naɗi kusa da naɗi, kada wani ya hau wani, ka zura bakin zaren ta madaukin, ka jiƙa, ka ja. Lura da inda uwar zaren ta fita. Dole ta fita ta cikin ƙugiyar, ɓangaren da tsinin yake. Idan ta fita ta baya, kaifin cebur ɗin nan ne zai riƙa cin ta har ta tsinke. Ana nuna wa yaro wannan sau goma ya manta, amma in zane mai kyau na gabansa, sai ya yi ta gwadawa har hannunsa ya riƙe.

Idan kifi ya tafi da ƙugiya, duba bakin zaren kafin ka ɗora laifi a kan wani abu. In ya murɗe kamar wutsiyar alade, ƙullinka ne ya zame, naɗin bai isa ba ko ba ka ja shi ya zauna ba. In ya yanke tsaf, haƙori ne ko kaifin dutse. In kuma ka ji kaushi a jikinsa kafin wurin tsinkewar, ya gogu a duwatsu ko a busassun itatuwan da tafkin ya haɗiye tun da aka gama dam a 1968. Saboda haka duk ranar da ka yi fatsa a irin wurin nan, ka yanke gaba biyu na farkon zaren ka sake ɗauri. Kada kuma ka bar shi a buɗe cikin jirgi, rana na cin roba tun ido bai ga alama ba.

Sai lambobi, inda mujallar kan ruɗa mutum. Da laba suke auna ƙarfin zare, za ka ga an rubuta lb. Laba ɗaya giram 454 ce, wato zare mai laba 20 na ɗaukar kusan kilo 9. A kasuwa kuwa kauri ake rubutawa da milimita a jikin ƙwarƙwaro. Ka riƙe wannan a matsayin kusan-kusan: mai 0.25 yana kai kilo 4 zuwa 5, ya isa ƙarfasa da kawara, mai 0.35 kusan kilo 7, na tarwaɗa matsakaiciya da kurungu, mai 0.50 kusan kilo 14, na ramboshi da ragon ruwa. Giwan ruwa babba sai abin da ya fi haka. Amma kada ka amince da rubutun jikin ƙwarƙwaro, sai an gwada akan san na ƙwarai. Ɗaura zaren a reshe, ka ɗaura ƙugiya da ƙullinka, ka rataya jarka a kanta, ka riƙa zuba ruwa lita-lita. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, ka ƙara nauyin jarkar. Ka ga inda ya tsinke da kuma a lita ta nawa. Ƙullin da bai riƙe kashi 8 cikin 10 na ƙarfin zaren ba, bai isa shiga ruwa ba.

Lambar ƙugiya ma haka. A tsarinsu, lamba na girma ƙugiya na ƙanƙancewa: 16 ƙarama ce, 6 ta fi ta, 1 ta fi 6, daga nan sai a juya, 1/0, 2/0, 5/0, kowace ta fi ta baya girma. Matsalar ita ce lamba 10 ta mujalla ba lallai ta zo daidai da lamba 10 ta kwalin kasuwa ba, ko da irin Mustad ce mai tambarin makulli, domin kowane samfuri da ma'auninsa. Ka bar lamba, ka duba tazarar da ke tsakanin tsini da sanda, ka gwada da bakin kifin da kake nema. Ƙarfasa bakinta ƙarami ne, babbar ƙugiya sai dai ta tsotse tanar ta bar maka ƙarfe. Wasu mujallun kan buga hoton ƙugiyoyi a ainihin girmansu. In ka ga mai irin wannan shafi, saye ta, don za ka iya ɗora taka a kai ka san matsayinta.

Akwai dabarar da za ka ɗauka ka yi da kayan gida. Ƙarfen nan mai walƙiya da suke ja a ruwa, cokalin cin abinci na yin aikinsa. Yanke mariƙin, ka huda gaba da baya, ka sa zobe a kowace huda, ƙugiya a faffaɗan gefe, a siririn gefe kuma ɗan ƙarfen nan mai juyawa. Kada ka bar majuyin nan, in babu shi cokalin zai murɗe zaren, kafin jifa ashirin ya cukurkuɗe. Idan tsage kake nema, sa siririyar waya santimita 20 zuwa 30 tsakanin cokali da zare, domin haƙoransa na datse roba nan take. Bakinsa kuma ƙashi ne, ƙugiya guda mai kaifi ta fi mai baki uku shiga, kuma in ya yi tsalle kada ka bari zaren ya saki. Ka gwada kaifin a farcenka: in ta zame ba ta kama ba, a wasa ta.

Haka batun zuba wa kifi abinci a wuri guda kafin a jefa ƙugiya, wanda Turawan Ingila suka ƙware a kai. Ba ka bukatar garinsu na leda. Kwano uku na dusa, kwano ɗaya na dakakken ƙuli-ƙuli, ka kwaɓa da ɗan ruwa da laka kaɗan, ka cura kamar girman lemo. Lakar ce ke kai shi ƙasa. In babu ita sai ya watse a sama, ruwa ya tafi da shi, kifin ya bi shi can nesa da kai. Curi huɗu ko biyar da farko, sannan guda ɗaya duk bayan kamar rabin awa. In ka zuba da yawa sun ƙoshi, ba ruwansu da ƙugiyarka.

Idan Allah ya sa ka tarar da mujallar Afirka ta Kudu a cikin tarin, ita za ka fara ɗauka. Tarwaɗarsu ita ce tamu, suna kiranta babel. Suna da ƙarfasa, suna kuma fatsar tsage a Zambezi da tafkin Kariba. Daminarsu dai ta saɓa da tamu, tana farawa wajen Oktoba ko Nuwamba, don haka ka bar sunan watan, ka duba yanayin ruwan da suke magana a kai, yana hawa ne ko yana janyewa, a gurɓace ko garau.

A wurin mai sayarwa kada hoton bango ya ja ka. Buɗe ka ƙirga. Shafi nawa ne talla, shafi nawa ne hoton mutum rungume da kifi, shafi nawa ne zanen ƙulli, ko jerin ɗaurin darma da toto, ko gyaran injin naɗe zare? In na ƙarshen nan bai kai shafi biyar ko shida ba, ajiye ta, kuɗin ya fi amfani a kwalin ƙugiya. Tsufanta ba aibi ba ne, ƙullin da aka zana shekara ashirin da suka wuce bai canza ba. Tallar ce nake ji maka tsoro. An shirya ta ne don ka ji sandarka ta gora ba ta isa ba, alhali ga ƙarfasa da kawara a bakin gaɓa, gora mai tsawon mita uku zuwa huɗu da toton guntun silifa ba su da abin kushewa.

Waya kuwa ta fi takarda wajen nuna motsin hannu, ka kalli bidiyon ƙulli a gida ka koya. Amma a tsakiyar ruwa caji na ƙarewa, sabis na ɗaukewa, hannu a jiƙe, kuma kowa na iya ɗora abin da ya ga dama, har da masu nuna kamu da guba ko lantarki, abin da dokar kamun kifi ta 1992 ta haramta, yake kuma kashe har 'ya'yan kifin da za mu ci baɗi. Shafukan da ka zaɓa, yanke su, ka sa a leda mai kauri, ka ajiye a akwatin ƙugiya. Abin da ya shafi kifinmu da girman idon raga kuma, in hanya ta kai ka New Bussa, ka shiga cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa ka yi tambaya, aikinsu ke nan.

Canjin da ya rage ka sayi littafin rubutu mai shafi 60 da fensir, don biro na jiƙewa ya dame. Ja layi bakwai a kowane shafi: kwanan wata da na Musulunci, wuri, lokaci, launin ruwa da ko yana hawa ko sauka, zurfi gaba nawa, ƙoto da girman ƙugiya, sai abin da ya ci. Ranar da ba ka kama komai ba ma ka rubuta, da abin da kake zaton ya jawo. Ka fara daga fitarmu ta jibi. Kafin nan ka ɗaura Faloma goma da naɗi goma a kan zare mai 0.35, ka gwada su da jarka, ka zo mini da lissafin litar da kowanne ya tsinke.