Me Ya Sa Foldar Ta Ƙi Goguwa?

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa os.rmdir, umarnin cire folda a yaren shirye-shiryen kwamfuta na Python, ya ƙi goge foldar tsofaffin hotunan ɗalibai ta makarantar da muke wa aiki a Ƙaura Namoda. Haka aka gina shi, foldar da babu komai a cikinta kaɗai yake cirewa. Ai ba a rushe rumbu da hatsi a ciki.

To ga yadda ake yi. Rubuta fankshin ɗaya, wato tarin umarni mai suna da ake iya kira, da zai leƙa cikin foldar. In ya tarar da fayil, ya goge shi da os.remove. In ya tarar da wata folda, ya kira kansa a kanta, ya yi mata abin da yake yi wa uwar. Sai ciki ya zama fayau sannan ya cire foldar kanta. Ka rubuta shi da hannunka don ka gane, amma a aikin mutane shutil.rmtree, fankshin ɗin Python da ke yin wannan aikin, za ka kira.

Inda nake so ka buɗe kunne shi ne nan: wannan gogewar ba ta bi ta kwandon shara. A 2015 an gano wani layi a Steam ta Linux, manhajar wasannin kwamfuta, rm -rf "$STEAMROOT/"*, umarnin goge duk abin da ke cikin foldar da $STEAMROOT ke riƙe da adireshinta. Da $STEAMROOT ya zo wayam, sai umarnin ya faɗa kan tushen kwamfutar, ya share duk abin da mai ita ke da ikon taɓawa, har da faifan da ke jone. Don haka kafin ka goge komai, tabbatar adireshin ba wayam yake ba, ka warware shi da os.path.realpath, ka ga lallai yana cikin foldar aikinmu. Karon farko ma print za ka sa a madadin gogewa, ka karanta sunayen da idonka. Hotunan yaran mutane amana ne a hannunmu.

Sai maganar symlink, mahaɗin da ke nuni zuwa wata folda can daban. os.path.isdir zai ce maka folda ce, fankshin ɗinka ya bi shi ya yi ɓarna inda ba a aike shi ba. Fara tambayar os.path.islink, in mahaɗi ne ka cire shi kawai da os.unlink.

A Windows kuma, fayil ɗin da aka kulle don karatu kaɗai zai tsayar da kai da PermissionError. Kada ka toshe masa baki da ignore_errors=True, zaɓin da ke sa shutil.rmtree ya yi shiru a kan kuskure, rabin foldar zai saura ba ka sani ba. Kwance kullen da os.chmod, ka sake gwadawa.