Digiri na uku a kan manufofin ilimi da shugabanci: ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni shugabar wata makarantar sakandare ce ta 'yan mata a jihar Sakkwato, kuma ina da digiri na biyu a fannin gudanar da makarantu. Ina son yin digiri na uku a kan manufofin ilimi da shugabanci, sai dai wasu suna ce mini ba shi da amfani ga wanda ba malamin jami'a ba, wasu kuma suna cewa shi ne hanyar zama darakta. Shin ya dace in shiga, kuma ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri a kan ɗawainiyar da kike yi da 'ya'yanmu mata.

Duka ɓangarorin biyu ba su ba ki cikakkiyar shawara ba. Ƙarin girma a ma'aikatar ilimi yana tafiya ne bisa shekarun aiki da jarrabawar ƙarin girma da samuwar gurbi, saboda haka idan kujerar darakta kaɗai kike hange, digirin digirgir hanya ce mai tsawo da tsada zuwa wurin da za ki iya isa ba tare da shi ba. A jami'a ne rashinsa yake tsayar da malami. Amma cewa ba shi da amfani ga mai aikin ma'aikata kuskure ne babba, domin abin da ake koyo a wannan mataki shi ne yadda ake gano gaskiyar matsala ta hanyar hujja, kuma wannan shi ne abin da tsarin iliminmu ya fi ƙishirwarsa.

Nijeriya ba ta taɓa rasa manufofi ba. An fitar da Manufar Ilimi ta Ƙasa tun 1977, an yi mata gyare-gyare a 1981 da 1998 da 2004 da 2013. A nan Sakkwato aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a watan Satumba na 1999, aka kafa masa doka a 2004, wadda ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin ilimi a matakin farko, da sharaɗin jiha ta zuba nata kason kafin ta karɓi tallafin. A nan ne kuma, a Gagi, aka buɗe makarantar almajirai ta zamani ta farko a 2012. Duk da haka, ke da kike zaune a ofishin shugabar makaranta kin san tazarar da ke tsakanin abin da aka rubuta a Abuja da abin da yake isa aji. Me ya sa malamin da aka tura ƙauye yake komawa birni kafin zango ya ƙare? Me ya sa kwamitin gudanar da makaranta yake aiki a wannan gari, a gari na gaba kuma sai suna kawai? A wane aji 'yan mata suka fi barin karatu, kuma wane mataki na shugabar makaranta ne yake riƙe su? Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tambayoyi ta isa kundin digiri na uku, kuma kin fi wanda bai taɓa riƙe makaranta ba sanin inda za a tono amsarta.

Saboda haka shawarata ita ce ki fara da tambayar da take hana ki barci kafin ki sayi fom. Ki taƙaita ta sosai. Ɗalibai da yawa suna zuwa da take mai faɗi irin na matsalolin ilimi a Arewa, su raba takardun tambayoyi ga mutanen da za su cika su cikin gaggawa, su fito da sakamakon da kowa ya riga ya sani. Wannan yana ba ni takaici matuƙa, domin ana ɓata shekaru ba tare da an ƙara wa kowa komai ba. Ya fi kyau ki ɗauki ƙananan hukumomi biyu ko uku daga cikin 23 da jihar take da su, ki duba rajistar ɗalibai da alƙaluman ƙidayar makarantu ta shekara-shekara, ki zauna da iyaye da sakatarorin ilimi da masu unguwanni, ki bi manufa ɗaya tun daga takarda har zuwa aji. Idan kuma tarihi yana jan hankalinki, tsarin 'Yan Taru da Nana Asma'u ta kafa, inda jajoji, wato malamai mata da ta horar, suke kai karatu ga matan ƙauyuka, misali ne na shugabancin ilimi wanda ya cancanci nazari da idon mai tsara manufa.

Game da wurin karatu, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana da tsangayar ilimi, haka ma Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Bayero da ke Kano. A jami'o'inmu wannan fanni yakan zo da sunan gudanarwa da tsare-tsaren ilimi. Ana buƙatar digiri na biyu mai kundin bincike da makin da jami'ar ta ƙayyade, kuma mafi ƙarancin lokaci ga mai karatu na cikakken lokaci shekara uku ne, ko da yake yakan zarce haka, musamman idan an shiga yajin aiki irin na 2022 da ya ɗauki wata takwas.

Abin da ya fi sunan jami'a muhimmanci shi ne malamin da zai duba aikinki. Ki karanta abin da ya wallafa, ki tambayi tsofaffin ɗalibansa ko yana mayar da babi a kan lokaci, ki kuma kai masa taƙaitaccen daftarin bincikenki na shafi biyu ko uku kafin ki nemi gurbi. Ki kuma sake zama a kan darussan ƙididdiga da dabarun bincike, domin a nan ne ƙwararrun shugabannin makarantu suka fi yin tuntuɓe ranar kare kundi a gaban mai jarrabawa daga waje.

Batun kuɗi kuwa, tallafin ƙaro karatu na TETFund, wato asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa manyan makarantu, na malaman manyan makarantun gwamnati ne, bai shafi ma'aikatan sakandare ba. Abin da ya kamata ki nema shi ne hutun ƙaro karatu da albashi daga ma'aikatarki, a rubuce, tun kafin ki fara. Ki yi lissafin kuɗin makaranta da na zirga-zirga zuwa ƙauyukan da za ki yi bincike da na buga maƙala a mujallar ilimi. Sannan ki zauna da maigida da sauran iyali ku fahimci juna a kan lokutan da za ki keɓe domin rubutu, kuma ki fara shirya mataimakiyarki tun yanzu domin riƙe makarantar a watannin da za ki fita tattara bayanai.