Rauta, Mararraba, da Matambayin da Ba Ya Ɓata

Wani mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre da ke Kano ya aiko da wannan: "Malam, na sa wayata ta fassara mini takardar da ke cikin kwalin rauta, sai ta kira ta 'na'ura mai ba da hanya tsakanin hanyoyin sadarwa'. Mu dai a shago rauta muke cewa. Wani abokin aikina kuma ya ce madugu ya kamata a kira ta. Wanne ne daidai?"

Ɗana, abin da wayarka ta ba ka bayani ne, kuma bayani ba ya zama suna. Babu mai sayayyar da zai tsaya a bakin shagonka ya jera kalmomi takwas kafin ya tambayi farashi. Sai dai ba a raɗa wa abu suna ba a san aikinsa ba, don haka ka yi haƙuri mu ɗan koma baya.

A 1967 hukumar ARPA, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar tsaron Amurka, tana neman hanyar da kwamfutocin jami'o'i za su riƙa magana da juna. Kowace da irin ƙirarta, kuma masu su ba sa son a ɗora musu dakon saƙon wasu. Sai wani injiniya mai suna Wesley Clark ya kawo shawara: a bar manyan kwamfutocin su ji da aikinsu, a ajiye wata ƙarama kusa da kowace, wadda ba ta da aikin komai sai karɓar saƙo da miƙa shi gaba. A ƙarshen 1968 kamfanin BBN na jihar Masacuset ya samu kwangilar, Frank Heart ya ja ragamar aikin. Suka ɗauko kwamfutar Honeywell 516 suka gyara ta, suka kira ta IMP. Girmanta kamar firji, nauyinta wajen kilo 400. Ta farko ta isa Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis a ƙarshen watan Agusta na 1969. Ranar 29 ga Oktoba wani ɗalibi, Charley Kline, ya zauna zai aika kalma guda zuwa cibiyar bincike ta Stanford, tafiyar sama da kilomita 500. Haruffa biyu suka isa, L da O, kwamfutar can ta tsaya cak. Aka gyara, aka sake gwadawa a daren, ta tafi. Kafin shekarar ta fita an haɗa wurare huɗu. Wannan firjin shi ne kakan ɗan akwatin da kake sayarwa, mai ƙananan fitilu kore suna ƙyaftawa.

To, madugu. Na ji daɗin da abokinka ya nemi kalmar a cikin fatauci, domin can ne Hausa ta fi arzikin kalmomin tafiya. Amma madugu tafiya yake yi. Shi ke fita da ayari daga Kano, shi ke shiga da shi Salaga a ƙasar Gwanja, ya san kowane rafi da kowane sarkin da za a ba gaisuwa. Jagaba ma haka, yana gaban ayari amma yana cikinsa. Rauta kuwa ko taku ɗaya ba ta yi. Tana nan inda aka ɗaure ta, kuma ba ta san hanyar duka ba. Abin da ta sani shi ne: mai zuwa wuri kaza, ta wannan waya zai fita.

In kana son ganin rauta da idonka, je tasha. Wata uwa a Funtuwa ta ɗaure buhun garin masara za ta aika wa ɗanta a Maiduguri. An rubuta sunan gari da lambar waya da alƙalamin maka a jikin buhun. Ba wanda zai raka shi. Ɗan kamasho ya duƙa ya karanta, ya ce a sa a motar Kano. A Kano wani ya karanta rubutun nan dai, ya nuna layin motocin gabas. Na Funtuwa bai san ko an rufe hanya a Damaturu ba, ba kuma aikinsa ba ne ya sani. Shi dai ya san mota ta gaba. Haka saƙon intanet yake tafiya, ayari ne marar madugu, daga zango zuwa zango.

Saboda haka ni ina duban kalmar mararraba. Tushenta raba ne, aka ninka ya zama rarraba, aka sa masa ma- a gaba da -a a baya ya zama sunan wuri, kamar yadda aka samu makaranta daga karanta, majema daga jeme. Mararrabar Jos da ke hanyar Kaduna zuwa Zariya sunanta ya faɗi aikinta. Wannan ma- ɗin kuma ita ke ƙera mana sunayen kayan aiki idan aka rufe da -i: buɗe ya ba mu mabuɗi, auna ya ba mu ma'auni, duba ya ba mu madubi. A kan wannan gwadaben, na'urar da ke rarraba saƙonni a mararraba sunanta mararrabi, jam'i mararrabai, a furta shi da karin sauti irin na mabuɗi. Ban ƙirƙiro wata doka ba, dokar harshen ce ta haife shi, kuma duk Bahaushen da ya ji shi zai hango mararraba a ciki.

Amma kada ka ji kunyar rauta. Harshen da ya karɓi mota da rediyo da kwamfuta ya lanƙwasa su yadda bakinsa ke so ba zai gaza da wannan ba. Ka ci gaba da cewa rauta a shago. Mararrabi na aji ne da littafi, inda ake son yaro ya ji sunan ya gane aikin.

Wata malamar sakandare daga Gusau ta ce: "A darasin kwamfuta muna koya wa yara cewa ana yanyanka saƙo zuwa fakiti-fakiti. Ba mu da kalmarmu ne? Dami fa, ko ƙunshi?"

Malama, wannan kalma tana da tarihin da ya kamata ɗalibanki su ji. Mutum biyu ne suka gano dabarar yanka saƙo, kowa a ƙasarsa, ba tare da ɗaya ya san aikin ɗaya ba. Paul Baran a Amurka ya buga nasa binciken a 1964. Donald Davies a Ingila, a cibiyar gwaje-gwajen kimiyya ta ƙasa da ke Teddington, ya zo da tasa a 1965, kuma shi ne ya zaɓi kalmar da muke cewa fakiti. Da gangan ya nemi gajeruwar kalma wadda wasu harsuna za su iya ɗauka ba wahala, har ya shawarci masanin harshe a kai. Ya kuwa dace da mu, domin tun kafin kwamfuta Bahaushe yana sayen fakitin ashana da fakitin sukari a kanti. Kalmar ta riga ta zama 'yar gida.

Dami bai dace ba, saboda dami tarawa ake yi, zangarniya da yawa a ɗaure su wuri guda, alhali nan rabawa ake yi. Ƙunshi ya fi kusa, amma nauyinsa yana kan rufewa, kuma yarinya a ajinki za ta fara tuna lalle. In kina son kalmar da za ta haska musu, ɗauki ƙulli. Mai teburi yana da buhun gishiri ɗaya, ya zauna ya ƙulla shi a leda ƙanana, awo ɗaya, don ya shiga hannun kowa. Haka ake yi wa saƙo. A yawancin wayoyin sadarwa na yau fakiti ɗaya ba ya wuce bayit 1500, don haka hoto mai nauyin mega 3 zai fita a ƙulli kusan 2000. Kowane ƙulli da adireshin inda za shi, da na inda ya fito, da lambar da za a jera shi da ita idan an isa. Wani zai iya bin wata hanya daban da ta ɗan'uwansa, wani ya riga wani isa. Ki ce musu fakiti, ki kwatanta da ƙulli.

Wani dattijo, tsohon direban babbar mota da ke zaune a Sabon Zango a Ankara ta ƙasar Gana, ya tambaya: "Muna cewa matambayi ba ya ɓata. Ni kuwa na sha tambaya aka ɓatar da ni. Karin maganar nan gaskiya ce?"

Baba, Allah ya ƙara girma. Gaskiya ce, kuma abin da ya same ka ma gaskiya ne. Dubi kalmar farko. Ba a ce "wanda ya yi tambaya" ba, an ce matambayi, irin ginin maɗinki da manomi, wato wanda tambaya ta zama ɗabi'arsa. Wanda ya tambaya sau ɗaya a bakin gari ya kama hanya yana iya kwana a daji. Matambayi a kowane zango yake sake tambaya, don haka kuskuren mutum ɗaya na gaba zai gyara shi. Ga kuma 'yar'uwarta, da ɗan gari akan ci gari, wadda ke faɗa maka wanda za ka tambaya.

Na haɗa tambayarka da na sama ne saboda ban san wurin da aka gina wannan karin magana da ƙarfe da waya kamar intanet ba. Fakiti matambayi ne na ainihi. Bai san komai ba sai sunan inda za shi. A kowane mararrabi yake tambaya, mararrabin ya duba jadawalinsa ya nuna masa. In waya ta tsinke a gaba, mararraban suna sanar da maƙwabtansu, jadawali ya sauya, fakitin da ke biye ya bi ta wani wajen. A zamanin farko kwamfuta ce ke karanta kowane adireshi ɗaya bayan ɗaya. Da cunkoso ya yi yawa sai aka ƙera ƙwayoyin lantarki na musamman da ba su da wani aiki sai wannan dubawar, kamar a na'urar M40 da kamfanin Juniper ya fitar a 1998.

Amma abin da ya same ka yana samun fakiti. A watan Fabrairu na 2008 gwamnatin Pakistan ta ba da umarnin toshe YouTube a cikin ƙasarta. Kamfanin sadarwar ƙasar ya sa mararrabansa su ce hanyar YouTube ta wajensu take, da nufin saƙon 'yan ƙasa ya faɗa rami. Maganar ta tsallake iyaka, mararraban duniya suka gaskata, YouTube ya ɓace wa yawancin duniya na kusan awa biyu. A watan Nuwamba na 2018 kuskuren saiti a wani kamfanin sadarwa a Legas ya karkatar da saƙonnin Google suka bi ta Rasha da Sin sama da awa guda. Matambayan sun yi tambaya, wanda aka tambaya ne ya faɗi abin da ba haka ba, na kusa da shi kuma suka yaɗa ba tare da bincike ba. Har yau injiniyoyi suna aikin sa wa irin wannan sanarwa hatimi, don a san mai faɗa yana da ikon faɗa.

Akwai wani tanadi da na tabbata zai burge tsohon direba. Masu ƙirar sun san za a iya yi ta juya fakiti tsakanin mararrabi biyu, wannan ya ce can, wancan ya ce nan. Sai suka ba kowane fakiti guzuri: wata lamba da ba ta wuce 255, yawancin na'urori da 64 suke sallamarsa. Kowane zango ya cire ɗaya. In guzuri ya ƙare bai isa ba, mararrabin da ya ƙare a hannunsa ya yar da shi, ya aika wa mai shi labari cewa kayanka a nan suka tsaya.

Ta ƙarshe daga wani ɗalibi a Maraɗi: "A saitin waifai na wayata akwai wani layi da aka fassara da 'ƙofa', da lambobi a gabansa. Ƙofar me?"

Ƙofar gari, ɗana, ba ta ɗaki ba. Ƙofa shi ne tsohon sunan rauta. Da aka fara haɗa hanyar sadarwa ɗaya da wata daban a tsakiyar shekarun 1970, na'urar da ke tsaye a tsakaninsu ƙofa aka kira ta, kuma wata mace, Virginia Strazisar ta kamfanin BBN, ita ta rubuta manhajar ta farko a kan kwamfutar PDP-11. Fassarar ta yi daidai ƙwarai. A tsohon birnin Kano mai zuwa gidan maƙwabcinsa ba ruwansa da ganuwa, amma mai fita gari dole ya bi ta Ƙofar Nasarawa ko Ƙofar Kabuga ko wata cikinsu, kowace da sarkin ƙofarta. Wayarka ma in za ta yi magana da kwamfutar da ke ɗaki ɗaya da ita, a cikin gida za su gama. In saƙon na waje ne, ƙofa za ta miƙa wa. Lambobin da ka gani, sau da yawa 192.168.1.1 ko 192.168.0.1, adireshin rautar gidanku ne. In ka sauya su ba da sani ba, wayar za ta nuna tana kan waifai amma ko shafi ɗaya ba zai buɗe ba.