Gonar cikin waya ta hana ni barci

Gwaggo, ina gaisuwa da fatan kina lafiya. Ni tela ce a unguwar Zariya, nan Maradi. Ina yin wasan Hay Day, wanda ake noma da kiwo a gina ƙauye cikin waya, to abin ya fara fin ƙarfina. Da waya ta yi ƙara sai in ajiye almakashi in tafi girbi, har tsakar dare ina farkawa in ba kaji abinci. Ɗinkin mutane yana kwana, maigida ya fara magana. Ga mangazata ta cikin wasan kullum a cike, ba wurin zuba ƙwai da madara. Na sha sayen lu'ulu'un cikin wasan da kuɗina don in gaggauta aiki, forfe (datar intanet) kuma ba ya kai mini ƙarshen mako. Ba na son goge wasan, don shi ne hutuna. Yaya zan yi?

'Yarki daga Zariya

'Yata, ba sai kin goge shi ba. Abu na farko da nake so ya zauna miki a rai: a wannan wasan, wanda kamfanin Supercell na ƙasar Finlan ya fitar a 2012, shuka ba ta ruɓewa. Alkamar da ta nuna da sha biyun dare tana nan tsaye har hantsi. Kaza ko saniya in ba ta ci ba, kwanciya kawai take yi, ba ta mutuwa. Odar kayan da motar wasan ke kai wa masu saye ma ba ta da wa'adi, odar jirgin ruwa ce take da lokacin tashi. Saboda haka farkawar daren nan ba ta tsare miki komai. Yau ɗin nan ki shiga saitin waya ki kashe sanarwar wasan gaba ɗaya.

Sannan ki daidaita shuka da yinin ki. Alkama minti 2 ce, masara 5, karas 10, waken suya 20, rake 30, baba awa 2, kabewa awa 3. Kuskurenki shi ne shuka mai saurin nuna a lokacin aiki, ita ce take kiranki. Kafin ki hau keke da safe, cika gonakin da kabewa ko baba, ki ciyar da shanu (madara awa ɗaya take ɗauka), ki jera wa injinan sarrafa kaya aiki mai tsawo irin cuku da farin sukari. Bayan azahar ki leƙa na minti goma, ki kwashe, ki sake jerawa. Alkama da masara ki bar su sai bayan isha'i, lokacin da kike zaune ba almakashi a hannu. Wayoyin Android da yawa suna da agogon ƙayyade lokacin kowace manhaja, a waya mai Faransanci yana ƙarƙashin Bien-être numérique. Sa masa minti 45, in ya cika wasan ya rufe kansa.

Batun mangaza kuwa, a nan yawancin masu wasan suke maƙalewa. Ma'aji biyu ne: rumbu na amfanin gona, mangaza ta ƙwai, madara, burodi, abincin dabbobi da kayan aiki. Tana cika ne don ana sarrafa kaya ba tare da duba allon oda ba, kamar telar da ta yanka yadi ashirin ba wanda ya kawo awo. Ki duba allon tukuna, ki yi abin da aka nema. Odar da ke neman kaya mai wuya da lada kaɗan, jefa ta kwandon shara, wata za ta fito. Kada ki tara abincin kaji: alkama 2 da masara 1 suna ba da guda 3, ki yi daidai bakin kajinki. Abin da ya yi yawa ki kai shagon bakin hanya, gurbi ɗaya yana ɗaukar har guda 10.

Faɗaɗa mangaza na buƙatar noti, katako da salatif, rumbu kuma ƙusa, sukuru da faifan katako. Kowane ƙari a matakan farko gurbi 25 ne. Waɗannan kayan suna faɗowa ne lokacin girbi, shi ya sa zaman alkamar dare yake da amfani: ki shuka, ki girbe, ki sayar da guda 10 a farashi mafi ƙasa don rumbu ya samu wuri, ki maimaita. Amma ki kula, ko wane iri ki bar aƙalla yawan gonakinki a rumbu, don in iri ya ƙare sai kin bi jaridar tallan kaya ta cikin wasan nema ko ki biya lu'ulu'u.

Lu'ulu'un da ya fi ba ni takaici shi ne wanda aka ƙona don burodin minti 5 ya gasu yanzu. Wanda wasan ya ba ki kyauta, ki sa shi wajen ƙara gurabe a injin madara da na sukari, don su ne suke jan ƙafa, kuma gurbi in an buɗe ya buɗu ke nan. A saitin wasan akwai tabbatarwa ta danna sau biyu kafin lu'ulu'u ya fita, kunna ta. A Play Store ma ki sa a riƙa tambayar kalmar sirri kafin kowane saye, musamman in yara suna ɗaukar wayar.

Forfe kuma ba girbin ne ya fi cin sa ba, sabunta manhajoji ne da bidiyon tallan da ake kallo don samun kyauta. Ki mayar da sabuntawa sai da wifi, ki rage tallan. Ki kuma haɗa gonar da Supercell ID ta imel ɗin da kike riƙe da kalmar sirrinsa, don ko waya ta lalace ko ta ɓata, gonarki na nan.

Maigida yana da gaskiya kan ɗinkin mutane, alkawari ne. Ki gaya masa lokutan nan uku da kika tsayar, sauran yinin kuma wayar ta zauna cikin jaka, ba kan teburin yanka ba.

Gwaggo