Ka ce a yi mata filashin BIOS, ka auna ta kuwa?

Ka tambaye ni abin da za ka yi da laftop ɗin HP da aka bar maka a shago, ka ce ka danna maɓalli ko fitila ba ta kawo ba, har kana shawarar a yi mata filashin BIOS, wato a sake rubuta manhajar da ke cikin cif ɗin da ke tayar da kwamfuta. Kai yaro, wa ya ce maka BIOS ce? Ku yaran yanzu da kun kalli bidiyo biyu a YouTube sai hannu ya tafi kan bulawa mai hura iska mai zafi, ga mitar auna wuta a kan tebur tana shan ƙura.

Zancen cire batir da danne maɓalli na daƙiƙa 30, ko mai cajin waya a bakin tasha ya san shi, ba zan ɓata yawu a kai ba. Fara da caja. HP da Dell 19.5 folt suke ci, Lenovo 20, yawancin Acer da Asus da Toshiba 19. Amma kada lambar da mita ta nuna ta ruɗe ka, cajar bogi takan nuna daidai idan ba ta ɗauke da kaya, da ka jona ta sai wutar ta faɗi. Saboda haka ka gwada da cajar shago wadda ka amince da ita. Ka leƙa cikin bakin cajar ma, akwai siririn tsinke a tsakiya wanda HP da Dell ke gane caja da shi. Idan ya karye Dell takan tashi amma ta ƙi cajin batir. A nan Gusau, inda janareta da wutar NEPA ke karɓa-karɓa, caja ce ke fara shan duka.

Idan kana jona caja fitilarta ta mutu, to akwai shot, wato wuta ta haɗe da ƙasa, a layin 19 folt na bod, babban faifan da kayan kwamfuta ke kai. Zare komai, har batir, ka sa mita a ma'aunin da take kuka, ka auna tsakanin layin da ƙasa, wato ɓangaren negetif na bod. Mita ta yi ta kuka ba tsayawa, shot ne. Duba MOSFET biyun nan, ƙananan makunnan wuta da ke bayan ramin caja. In lafiyarsu ƙalau, saita injin wutar tebur, wanda ake saita masa yawan wutar da zai bayar, a 1 folt, ka shigar a layin, ka shafa sifirit a bod. Inda ya riga bushewa nan ne zafin yake, kuma sau da yawa ƙaramar kafasita ce da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Kada ka ɗaga wutar don gaggawa, in MOSFET na sama da ke ba farosesa wuta ya huje, wutar kai tsaye za ta zarce cikin farosesa. In babu shot, nemi 3.3 da 5 folt a kan koyil ɗinsu, sannan ka auna ƙafar maɓalli: 3.3 za ka gani, in ka danna ta sauka sifili.

Amma kafin duk wannan, wa ya buɗe ta kafin kai? Abin da ya sa na tsaya amsa maka ke nan. Akwai wani mai gyara a layinmu, yaro mai hannu, aka kawo masa laftop daga wajen Talata Mafara. Mai ita ya rantse cewa daren jiya yana aiki ta ɗauke, ba wanda ya taɓa ta. Ya ajiye ya tafi kasuwa. Da yamma aka buɗe, sai ga sukurori uku babu, sitikar garanti a yage, bod ya yi kore-kore a kusa da kibod inda shayi ya zuba tun ba yau ba, ga kuma gefen cif ya yi baƙi saboda wani ya riga ya gasa shi da bulawa. RAM guda ɗaya ce a ciki, mai 4GB. Bayan kwana biyu mutumin ya dawo da ɗan'uwansa, ya ce shi 16GB ya kawo, kuma kwamfutarsa tana kawo fitila kafin ya bar ta. Babu takarda, babu hoto, babu shaida. Aka taru ana ba da haƙuri, ƙarshe dai yaron nan ya sayi RAM da aljihunsa, ya nemo bod na hannu daga Kano, kuɗin mota ma shi ya biya. Mutumin ya karɓi kayansa ko sannu bai ce ba. Har yau in ya gifta ta gaban shago raina ɓaci yake, don kowa a layin ya san inda gaskiya take. Shi ya sa dokar shagona ita ce a gaban mai kaya ake buɗe baya, a ɗauki hoto, a rubuta girman RAM da SSD da lambar siriyal, ya sa hannu. Wanda ya ce yana sauri ya tafi da abarsa.

Wadda fanka ke juyawa amma allo baƙi, wannan wata cuta ce daban. Cire RAM, goge haƙoranta da kilina, ka gwada ɗaya-ɗaya a kowane rami. Ƙurar hunturu kaɗai tana hana ta zama daidai. Ƙirga ƙiftawar fitilar Caps Lock, HP da ita take faɗin ciwonta. Jona wani allo ta HDMI, ko ka haska tocila a fuskarta, in ka hango rubutu dishi-dishi hasken baya ne ya mutu, bod bai yi laifin komai ba. Ƙaramin batirin CMOS, mai riƙe agogon kwamfuta, ma ka auna shi, 3 folt ya kamata ya ba ka.

BIOS ita ce ta ƙarshe, kuma ko an kai nan, sai ka karanta abin da ke cikin cif ɗin ka adana kafin ka rubuta sabo. Ka kuma duba lambarsa, wasu 1.8 folt suke ci, in ka ɗora su a CH341A, na'urar karanta cif da rubuta shi, babu adafta ka kashe su. Gobe da safe ka kira mai HP ɗin ya zo a buɗe a gabansa, ka auna layin 19, sannan ka zo ka faɗa mini lambar da ka gani.